Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'a, akwai wata sabuwar kasuwa da ta ɓullo a duniya, wadda hajarta ita ce daji da namun da ke cikinsa. Yadda abin yake shi ne, kamfani zai ɓata daji a wani wuri domin ya haƙi ma'adinai ko ya yi gini, sai ya biya kuɗi a raya wani dajin a matsayin diyya. A Ingila, tun watan Fabrairun 2024 doka ta wajabta wa masu gine-gine su mayar da abin da suka ɓata na tsirrai da dabbobi, har da ƙarin kashi 10 cikin 100. A Nijeriya kuwa, an sa hannu kan dokar sauyin yanayi a 2021, sannan a taron Dubai na 2023 gwamnatin tarayya ta bayyana shirin buɗe kasuwar cinikin rage hayaƙi. Ke nan maganar ta iso ƙofar gidanmu.

Mu 'yan Bauchi abin ya shafe mu kai tsaye. Dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956, ya zama gandun ƙasa a 1991, kana ya dawo hannun jiha a 2006, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma giwayensa na cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar nan. A ƙaramar hukumar Alkaleri yake, inda kuma aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a Nuwamban 2022. Ga rijiyar mai, ga daji, a ƙasa guda. Duk ranar da wannan kasuwa ta kankama, nan za a fara dubawa.

Ni dai ba na adawa da tsarin, domin kuwa gadin daji na bukatar kuɗi. Tambayata ita ce, wa za a tuntuɓa kafin a ƙulla ciniki? Dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar faɗin albarkacin bakinsu, shi ya sa ake ajiye rahoto a ma'aikatu da sakatariya na kwanakin aiki 21. To amma kundi ne mai kauri, cikin Turancin masana. Manomin Mainamaji da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya, ko makiyayin da aka hana shi kiwo a dajin, yaushe zai karanta shi? Bugu da ƙari, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka in ba a yi hattara ba kuɗin zai tsaya a birni, takura kuma ta sauka a ƙauye.

Ni kaina ba da Hausa na buɗi baki ba, a makaranta da kasuwa na koye ta, amma na shaida ita ce ke haɗa Bajari da Bafulatani da Basayi a zaure guda. Saboda haka a fassara takardun nan zuwa Hausa, a karanta su a rediyo, a zauna da mutane a ƙofar hakimi ranar kasuwa, a kuma keɓe zama na mata masu neman itace. Sannan a rubuta kason da zai koma ga ƙauyukan tun kafin a sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan uwana ɗaliban Hausa da mu ɗauki wannan aikin fassara a matsayin namu. Allah ya sa masu iko su saurara, amin.