Shin Hawwa'u Mataimakiyar Gwamna Ce?

A hutun da ya wuce na halarci ɗaurin auren yayar wani abokina a Jos. Da Turanci fasto ya yi wa'azi, wani tafinta yana mayarwa da Hausa. Da aka zo Littafin Farawa sura 2 aya 18, inda Allah ya yi niyyar samar wa Adamu wanda zai taimake shi, sai tafintan ya ƙara gishiri. Ya ce ai kowa ya san mataimakin gwamna ba ya sa hannu a takarda sai gwamna ya yi tafiya, saboda haka amarya ta san matsayinta. Majami'a ta ɗauki dariya da tafi. Amaryar kuwa ma'aikaciyar jinya ce, kuma a gida ana ta ja-in-ja a kan ko za ta ci gaba da aiki bayan biki. Ni dai ban yi dariya ba, domin na ga yadda kalma ɗaya take neman yanke hukuncin da iyalai biyu suka kasa yankewa.

Ni Bayarabe ne, Kirista, a makaranta na koyi Hausa. Wataƙila shi ya sa kunnena ya kama abin. A Yarbanci, mai taimako shi ne olùrànlọ́wọ́, wanda ke bin shugaba a muƙami kuwa igbákejì ne. Kalmomi biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Hausa ta ɗora wa “mataimaki” kayan nan biyu. Tun da tsarin mulkin 1979 ya ba kowace jiha mataimakin gwamna, ga mataimakin shugaban ƙasa, ga na shugaban jami'a, kunnen Bahaushe ya saba jin kalmar da ma'anar na biyu. Ba laifin masu fassara ba ne. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma kalma takan ci gaba da yawo bayan an rufe ta a littafi.

To, mene ne a Ibrananci, harshen da aka rubuta Farawa da shi? Kalmar ita ce ezer. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a mafi yawan wuraren da ta fito a Tsohon Alkawari, Allah ne ake kira da ita. Zabura ta 121 da ita ta bayyana taimakon da ke zuwa daga wurin Ubangiji. Musa ya raɗa wa ɗansa suna Eliyezer (Fitowa 18:4), wato Allahna ne taimako, saboda an cece shi daga takobin Fir'auna. Sama'ila ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer (1 Sama'ila 7:12), dutsen taimako, bayan an kori Filistiyawa. A unguwarmu kaɗai akwai masu suna Ebenezer fiye da ɗaya, kuma babu iyayen da suka sa sunan da nufin cewa Allah ƙaramin ma'aikacinsu ne. Taimakon da ake nufi irin wanda Bahaushe ke kira ɗauki ne, wanda ake kai wa mutum sa'ad da ƙarfinsa ya gaza. Kalmar da kanta ba ta faɗi wane ne sama, wane ne ƙasa ba.

Wadda ta biyo ta, kenegdo, ta fi ban sha'awa ga ɗalibin ƙirar kalma. Gaɓoɓi uku ne: ke (kamar), neged (daura da, ko fuska da fuska), sai o (shi). Wato wani da zai tsaya daura da shi, takwaransa. Labarin ma ya nuna haka, don an kawo wa Adamu dabbobi da tsuntsaye ya sa musu suna, amma ba a sami irin wannan a cikinsu ba. Da mai ɗaukar kaya ake nema, ai jaki ya wadatar.

Sai batun haƙarƙari. Kalmar tsela a sauran wurare gefe take nufi: gefen akwatin alkawari, ɗakunan gefen haikali a Ezekiyel 41, gefen tudu a 2 Sama'ila 16:13. Rashi, malamin Yahudawa da ya rasu a 1105, gefe ya fassara ta. Ban ce a soke “haƙarƙari” ba, tsohuwar fahimta ce, Jerom ma ita ya bi a Latinanci. Amma har yau ina jin masu cewa namiji ya rasa ƙashi ɗaya, alhali tun 1543 Andiriyas Besaliyas ya nuna cewa ƙirgen ɗaya ne, 24 ga namiji, 24 ga mace.

Akwai wasan kalma kuma da ba mu da yadda za mu yi da shi. Namiji ish, mace ishsha. Kunne yana jin ɗaya a cikin ɗaya. Jerom ya gwada vir da virago, Martin Luta ya ƙirƙiro Männin daga Mann. A Hausa “miji” da “mata” ba su yi kama ba, don haka kusancin nan ya zube a hanya, ya bar “mataimaki” shi kaɗai a fili.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Manzo Bulus ya kafa hujja da cewa Adamu aka fara yi (1 Timoti 2:13), haka ma a 1 Korantiyawa 11:8-9. Ikilisiyoyi da yawa a kan wannan suka tsaya wajen shugabancin miji, kuma ban isa in share su da makala ɗaya ba. Sai dai a ayoyi na 11 da 12 na surar nan Bulus ya juyo ya tuna musu cewa kowane namiji mace ce ta haife shi. A Farawa sura 1 aya 27 kuma, namiji da mace tare aka ambace su cikin siffar Allah, tare aka danƙa musu duniya. Maganar miji zai mallaki mata sai a 3:16 ta fito, cikin jerin wahalhalun da suka biyo bayan saɓo, kusa da ƙaya da gumin goshi. Wanda zai yi wa'azin shugabancin miji, ya ɗauko hujjarsa daga inda take, a yi muhawara a can. Kada ya ɗora wa ezer kayan da ba nata ba, balle ya aro su daga gidan gwamnati.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da abokan karatuna Musulmi baki ɗaya, tun da yawancinmu aikin fassara da tafinta ke jiranmu, a rediyo, a kotu, a asibiti. Da ni ne a kan mumbarin nan, da na ce “mai kawo masa ɗauki, takwararsa”. Na kai wa malaminmu na fassara, ya ce ma'ana ta fito amma jimlar ta yi nauyi a baki, in sake nema. Wata 'yar ajinmu daga Katsina ta kawo “madogara”, wani ya ce ai sanda ma madogara ce. Har yanzu muna kai, kuma wanda yake da wadda ta fi waɗannan ya aiko wa editan mujallar nan. Amaryar dai na ji ta koma bakin aikinta a watan da ya biyo baya.