Kafin Ka Kira Mu 'Yan Caca, Zo Ka Zauna

A fitowar mujallar nan da ta gabata wani ɗan'uwa ya ɗauki alƙalami ya yi mana wankin babban bargo, mu da ke taruwa daren Alhamis a masaukin ɗalibai muna wasan labari. Ya ce wai caca muke yi, wai tsafin Turawa ne, wai kuma ɗalibin da ya san abin da ya kawo shi jami'a ba zai ɓata awa uku yana cewa shi maharbi ne ko ɗan sarki ba. Na karanta, na sake karantawa, sai na gane malamin bai taɓa leƙo mu ba ko ta taga. To bari in fara sanar da shi abin da yake zagi.

Mutum biyar ko shida ne za su kewaye tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke riƙe da labari, ya ce ga ku a bakin kogi, gada ta karye, 'yan fashi na biye da ku. Sauran kowa na da mutumin da yake wakilta, an rubuta ƙarfinsa da rauninsa a takarda, sai ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi. In abin mai wuya ne a jefa ɗan lido mai fuska 20, lamba ta yi sama ka yi nasara, ta yi ƙasa ka sha ƙasa. Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka cikin 1974. Ba a aza ko kwabo, kuma ba mai cin wani, domin duk gefe ɗaya ake. Ina cacar take? Hukuncin ɗan lido kuwa na malamai ne, ba nawa ba. Da ɗayanmu ya ce ransa bai kwanta da shi ba, sai muka rubuta lambobi a 'yan takardu muka zuba cikin hula, wasa ya ci gaba.

Zancen tsafi kuma, abin dariya, daga Turawan da yake ƙyama ya aro shi. Cikin 1979 wani ɗalibi ya ɓace daga wata jami'a a jihar Mishigan, mai binciken da iyayen suka ɗauka ya ɗora zargi a kan wasan, jaridu suka kama. Har fim aka yi a 1982, Mazes and Monsters, da Tom Hanks a ciki. Alhali kuwa shi kansa mai binciken ya rubuta littafi a 1984 ya nuna cewa baƙin ciki da matsin karatu da na gida ne suka kori yaron. Tsumman da suka yar shekaru arba'in da suka wuce, shi ɗan'uwanmu ya tsinto ya yafa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ina da aboki, ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya faɗi darussa biyu bara. Yaro ne da tun firamare bai san na biyu ba, ƙauyensu duka shi ake kallo. Sai ya rufe kansa a ɗaki, ba lacca, ba cin abinci da mutane, in ka yi masa nasiha ya ce lafiya lau. Da ƙyar muka jawo shi teburin, ya zaɓi ya zama maƙeri. Daren farko ya ce maƙerinsa zai tsallake kogi, ya zaro takarda, lamba 2. Jagora ya ce, "To, ka faɗa ruwa. Yanzu me za ka yi?"

Ku dubi tambayar nan, jama'a. Wata uku kowa na tambayarsa yaya aka yi ya faɗi, ba wanda ya tambaye shi me zai yi yanzu. Kafin ya buɗe baki wani ya ce ya jefa masa igiya, wani ya ce ya tare 'yan fashin. Aka yi dariya, har da shi. Mako bayan mako maƙerin nan yana faɗuwa yana tashi, duniya ba ta ƙare ba. Ran nan, ana tsakiyar labari, sai ya ce maƙerin ba zai koma garinsu ba, don yana jin kunyar haɗa ido da tsohonsa. Ɗakin ya yi tsit. Duk mun san wa ke magana. Abin da kunya ta hana shi faɗi da bakinsa, ya faɗe shi da bakin maƙeri, kuma daga nan ne ya yarda muka raka shi wurin likita.

Ban ce wasan magani ba ne, likita ya yi nasa. Amma su likitocin sun daɗe da sanin wannan ƙofa. Tun shekarun 1920 Jacob Moreno a birnin Biyana yake sa mutane su kwaikwayi damuwarsu a gaban jama'a, kuma a yankin Siyatil na Amurka ƙungiyar Game to Grow ta yi amfani da wannan wasa wajen taimakon matasa masu fargabar cuɗanya da mutane.

Abin da ya fi ba ni haushi, ɗan ƙungiyar Hausa ne ya rubuta wannan suka. Mu ne fa muke cika kundaye a kan tatsuniya da tashe da wasan gauta. Mu ne muke yabon kalankuwa, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu su yi mulki na 'yan kwanaki. Dodo da aljanu sun cika labaran Gizo, ban ji wanda ya bar salla dominsu ba. Ashe sai abu ya shiga kundi, mai shi ya sami digiri, sa'an nan yake zama al'ada?

Gaskiyarsa ɗaya, akwai mai fakewa da wasa ya guje wa karatu, shi ya sa muke rufe tebur mako uku kafin jarrabawa. Ban da wannan, kujera na nan ran Alhamis bayan sallar isha'i, mun ma tanadar masa takarda. Maƙerin ne jagora a wannan zangon.