Ƙaunar Allah marar sharaɗi a wurin Kiristoci: ka san zancen kafin ka yanke hukunci



Ya kai ɗan uwa, ba mamaki ka taɓa ji a ƙofar masallaci ko a fada wajen shan shayi ana cewa Kirista ya huta, domin an gaya masa Allah Yana ƙaunarsa ko me ya aikata, saboda haka sai ya sheƙe ayarsa kwana shida, ran Lahadi ya je majami'a a wanke shi. Maganar tana da daɗin faɗa, amma koyarwarsu ba haka take ba. Addininmu kuwa bai halatta mana jingina wa mutum abin da bai faɗa ba, ko da mun saɓa da shi a aƙida. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hore mu da yin adalci har ga waɗanda ba ma shiri da su. Farkon adalci shi ne ka kawo zancen mutum yadda in ya ji zai ce lalle haka yake nufi.

To, me suke nufi? A Littafinsu na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, kalmar da ke ɗauke da wannan ma'ana ita ce "alheri", wato kyautar da ake yi wa wanda bai cancanta ba. A wurinsu ƙaunar Allah ce ta riga aikin bawa. Kyawun halinsa bai jawo ta ba, muninsa kuma ba ya kashe ta.

Misalin da suka fi kawowa yana cikin Linjilar Luka, sura ta 15. Wani mutum yana da ƴaƴa biyu maza. Ƙaramin ya nemi rabonsa na gado alhali uban yana raye, ya tafi ƙasa mai nisa ya ɓatar da dukiyar a sharholiya. Yunwa ta faɗo wa ƙasar, har ya koma kiwon aladu, abin da yake ƙazanta ne ga Bayahude kamar yadda yake gare mu. Da wuya ta yi wuya sai ya kama hanyar gida, da niyyar roƙon a ɗauke shi barantaka. Uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi, ya sa aka kawo masa riga da zobe da takalma, aka yanka maraƙi. Babban ɗan, wanda bai taɓa saɓa wa uban ba, ya yi fushi ya ƙi shiga gida, uban ya fito yana lallashinsa shi ma.

Ka lura da kyau. Babu inda uban ya ce almubazzarancin ya yi daidai. Yaron kuma bai dawo yana taƙama ba, ya dawo yana amsa laifinsa. Nan ne malamansu suke raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: ƙauna da yarda. Ƙauna tana kan mutum, ba ta da sharaɗi. Yarda tana kan aiki, ba kowane aiki ne yake samunta ba. Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 6, ya tayar da wannan shubuhar da kansa, cewa ko a ci gaba da zunubi tunda akwai alheri, ya kuma kore ta da kakkausar murya. Wasiƙar Yaƙubu, sura ta 2, ta kamanta imanin da babu aiki tare da shi da gangar jikin da rai ya fita daga cikinta.

Su kansu sun daɗe suna tafka muhawara a kan matsayin aiki. A 1517 Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus a kan takardun sassaucin azaba da ake sayar wa mutane, daga nan ɗariƙun Furotesta suka tsiro, suna cewa bawa yana kuɓuta da imani kaɗai, aiki nagari kuwa ɗan itacen imanin ne. Katolika suka mayar da martani a babban taron Trent, tsakanin 1545 da 1563, suka ce alheri ne farko, amma dole bawa ya ba da haɗin kai da aikinsa. Sai a 1999, a birnin Augsburg, Katolika da mabiya Luther suka sa hannu a takardar da ta rage tazarar da ke tsakaninsu. Wani malaminsu Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta rataye a 1945, ya yi suna wajen sukar abin da ya kira alheri mai araha, wato gafarar da ake shela ba tare da tuba ba. Ka ga ashe abin da kake zarginsu da shi, su ma aibi suke ɗaukarsa.

Wannan ba ya nufin aƙidarmu ɗaya. Sun rataya wannan ƙauna a kan gicciye, suna cewa ɗan Adam ya gaji zunubi, Almasihu kuma ya mutu a madadinsa. Mu kuwa mun yi imani ba a kashe Annabi Isa (AS) ba, ba a kuma gicciye shi ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 157. Annabi Adamu (AS) ya tuba an karɓa, babu wanda ke ɗaukar nauyin laifin wani. Suna kiran Allah Uba, mu kuwa mun tsarkake Shi daga haihuwa. Sannan Alƙur'ani ya bambanta rahama da so: rahama ta game kowa, mumini da kafiri suna shan ruwan damina ɗaya, so kuwa an ambace shi tare da siffofi, kamar masu kyautatawa da masu tuba da masu haƙuri, an kuma kore shi daga azzalumai da masu girman kai. Ka riƙe wannan bambanci, ka faɗe shi ba tare da kunya ba. Amma ka faɗe shi a inda yake, kada ka ƙirƙiro wani.

Za ka ce ina ruwanka da duk wannan, tunda Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Ruwanka biyu ne.

Na farko haƙƙin maƙwabtaka. Tun 1950 asibitin Galmi yake karɓar marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi, haka nan asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana jinyar kutare. Masu wannan hidima daga wannan aƙida suke cewa sun samo ƙarfinsu: an ƙaunace su ba don sun cancanta ba, su ma sai su yi wa wasu. Ka kuma tuna ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, aka rasa rayuka aƙalla goma. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su suka yi zanen ba. Wuta irin wannan ba ta kama sai ta tarar da busasshiyar ciyawa, ciyawar kuwa ita ce ƙananan maganganun raini da muke tarawa shekara da shekaru. Rashin sani ya fi dare duhu. Sarkin da ya ba Sahabbai mafaka a Habasha Kirista ne a lokacin da suka isa gare shi, kuma Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya gaya masa gaskiyar aƙidarmu game da Annabi Isa, bai ɓoye ba, bai kuma zagi kowa ba.

Na biyu gidanka. Raba ƙauna da yarda ba baƙon abu ba ne gare mu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ke neman jaririnta cikin fursunonin yaƙi, inda Manzon Allah (SAW) ya sanar da Sahabbai cewa tausayin Allah ga bayinSa ya fi nata ga ɗanta. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana masu zunubi ɗebe tsammani. Amma dubi yadda muke yi da yaron da ya faɗa shan ƙwaya, ko yarinyar da ta yi kuskure: kora, da tsinuwa, da rufe ƙofa. Yaron da bai taɓa jin komai game da Ubangijinsa ba sai wuta da azaba, ranar da ya zame ba zai san akwai hanyar komowa ba, sai ya bi duk wanda ya fara buɗe masa hannu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka ƙi aikin, ka faɗa masa ka ƙi, amma ka bar ƙofar zaure a buɗe.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya tsare harsunanmu daga zaluntar bayinSa, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.