A saya wa yaro babur ɗin da zai iya ɗagawa

Da kakar bara ɗan ƙanwata ya dawo daga ci-rani a Agadas da ɗan abin da ya tara. Bai kwana uku a gida ba ya wuce Maraɗi, ya dawo Isawan bisa sabon babur mai inji 150, ko ledar kujera bai cire ba. Na tambaye shi wa ya koya masa tuƙi, ya ce: "Kawu, ai babur ba ya son koyo, hawa kawai ake yi." Ranar kasuwa ta gaba, a wata jigawa da ke hanyar gona, tayar gaba ta nutse, ya damƙe birki, babur ya kwanta masa a ƙafa. Ya yi ta kokawa ya kasa ture shi, salansa kuwa tana cin ƙwaurinsa, har Allah ya kawo wani mai amalanke ya ɗaga masa. Ya yi wata guda yana jinyar ƙuna, tabon yana nan har yau.

Tun daga ranar nake faɗa wa duk wanda ya nemi shawarata magana guda: kafin ka ƙirga kuɗi, a kwantar da babur ɗin a ƙasa, wanda zai hau ya ɗaga shi shi kaɗai. Sannan ya zauna a kai, a ga ko tafin ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa sosai. In ɗaya cikin biyun nan ya gagara, ba nasa ba ne tukuna.

Ƙasarmu ta Mayayi da Tasawa ta rairayi ce. Da ka bar kwalta ka shiga hanyoyin ƙauye, faɗuwa ba ta tambayar ƙwarewa, balle ɗan koyo. Abin dubawa shi ne me zai biyo bayan faɗuwar. Ƙaramin babur mai inji 100 ko 125 ana iya tare shi da ƙafa tun bai kai ƙasa ba, in ma ya kai sai a miƙe a karkaɗe riga. Kuma ba ya zabura idan hannu ya kuskure ya murɗa mai da yawa, kuskuren da kowane sabon shiga yake yi.

Na fi son irin wanda injinsa ke waje, ba roba-roba da aka lulluɓe ko'ina ba. Robar nan a cikin gari ado ce, amma a nan faɗuwa biyu ta ishe ta tsagewa, sai ka ga an ɗaure ta da waya tana ƙara. Mai inji a fili kuwa, mai gyaran da ke zaune gindin bedi da sufana uku yana ganin komai: fulogi, kafireto, sarƙa. Wannan ba sabon tunani ba ne. A 1975 kamfanin Honda na Japan ya fitar da CG125 domin ƙasashe irin namu, inda ƙura ta yi yawa kuma ba a cika sauya baƙin mai kan lokaci ba. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram, samfurin injin nan suka kwaikwaya, shi ya sa kayan gyaransu ba sa wuyar samu.

Ga kuma batun mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, arahar man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga can ta kau. Ko da hukumar Nijar ta sauke lita zuwa sefa 499 a gidajen mai a watan Yuli 2024, mutumin ƙauye kwalba yake saye, da ribar mai kawowa a kai. Ƙaramin inji ba ya shan mai da yawa.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Gida guda babur guda. Shi zai ɗauko buhun hatsi, shi zai kai mai naƙuda likita cikin dare, kuma babu mai kuɗin saye sau biyu. Ɗan kabu-kabun da ya shekara biyar a kan hanya yana da hujjar neman babban inji. Amma 125 yana yin duk waɗannan ayyuka, sai dai a hankali. Wanda kuma bai yi wata uku da fara tuƙi ba, bai kamata a ɗora masa mace mai ciki a baya ba, kowane irin babur yake hawa. Abin da ke kai samarinmu ga babba sau da yawa ba aiki ba ne, tsoron kada a ce wane ya fi su ne.

Koyon ma a yi shi da gaske. A kai yaro fili, wani babba ya nuna masa yadda ake sakin kuloci, yadda ake ratsa rairayi da ƙaramar giya ba tare da yanke mai ba, da dalilin da ya sa ba a damƙar birkin gaba a cikinsa. A cire kuɗin hular kwano cikin kuɗin babur tun a shago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari. Daga ƙauyukanmu zuwa babban asibitin Maraɗi tafiya ce mai nisa ga wanda kansa ya bugu.

Iyaye da yayye, 'yan ci-rani za su fara dawowa. Don Allah kada ku bar yaro ya tafi sayen babur shi kaɗai ko da abokansa. Ku raka shi, ku sa ya ɗaga a gabanku.