Ciwon maƙogwaron yaro, ciwon zuciyar babba

A tunanin mutane da yawa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki cutar masu hali ce ta manyan birane. Wannan kuskure ne. Manomin albasa na Tabelot, a gindin dutsen Bagzan, shi ma abin ya shafe shi, kuma sau da yawa daga maƙogwaron ɗansa yake farawa.

Ga yadda al'amarin yake. Wata ƙwayar cuta takan kama maƙogwaron yaro, musamman daga shekara 5 zuwa 15. Jiki ya tashi yaƙi da ita. Wannan yaƙi shi ne kumburi. Idan ba a kashe ƙwayar da magani ba, bayan mako 2 ko 3, a wasu yara, yaƙin yakan juya kan jikin kansa: gaɓɓai su yi ciwo, ƙofofin zuciya su kumbura. Ciwon gaɓɓai yana wucewa, amma tabon zuciya yana zama. Bayan shekaru, ƙofar ta ƙanƙance, jini ya daskare, gudansa ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Duk mai garka ya san abin da kan faru da fangali idan hanyar ruwa ta toshe. Haka saurayi ko mace mai ciki kan faɗi ana ji ana gani.

Wannan cuta tana kashe fiye da mutum 300.000 kowace shekara a duniya, galibinsu a ƙasashe matalauta. Shi ya sa a shekarar 2018 babban taron Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ya yanke shawarar yaƙi da ita. Alhali maganinta sananne ne, mai araha: allurar fenisilin guda, ko ƙwaya ta kwana 10.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi wurin likita ya kamata a kai shi. Cire belu ba ya kashe ƙwayar cuta, sai ƙarin zubar jini. Wanda zuciyarsa ta riga ta taɓu kuwa, allura yake bukata kowane wata, shekara da shekaru, ba fashi.

Ga mahukunta kuma muna kira: kada fenisilin ya yanke a gidajen likita na karkara, har ƙauyukan kan dutse inda mota ke shan wuyar zuwa. Kuɗin aikin zuciya guda ya isa maganin maƙogwaron ɗaruruwan yara. Malaman yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu wannan bayani, ɗalibai su kai shi gida. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.