Filin Mahaya Duwatsu: Dalilin juyowarmu daga Kufena, da tafiye-tafiyen da ke gaba

 A makon jiya mun yi muku alkawarin hoton da za mu ɗauka a ƙololuwar Dutsen Kufena riƙe da tutar ƙungiyarmu. To, sai haƙuri, babu hoto. Tutar ba ta kai sama ba, kuma yanzu haka ɗaya daga cikinmu da sanda yake dogarawa zuwa aji. Mun ga gara ku ji labarin daga bakinmu yadda ya faru, tunda da yawanku kun rubuto kuna son bin mu tafiya ta gaba.

Abin da ya faru a Kufena

Ga wanda bai san shi ba, Kufena yana yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa. Falalen dutse ne babba, kuma har yau ana ganin burbushin tsohuwar ganuwa a kewayensa. Mun sha hawansa, shi ya sa muka raina shi.

Shirinmu shi ne mu fara hawa da ƙarfe 8 na safe, mu sauko kafin azahar. Sai motar da muka yi shata ta lalace a hanya, ba mu isa gindin dutsen ba sai bayan ƙarfe 2, mu 16. Muka tarar da wani dattijo yana aiki a gonarsa ta dawa, muka gaishe shi. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce, "'Ya'yana, da dai kun haƙura yau. Iskar nan da kuke ji ta ruwa ce." Muka duba sama muka ga gari garau, muka ce, "Baba, ai yanzun nan za mu sauko." Bai ƙara cewa komai ba, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

A kowace tafiya muna da abin da muke kira lokacin juyawa. Tun a ƙasa ake yanke shi, kuma da zarar ya cika, ko ina aka kai, sai a juyo. Shugabar tafiyarmu, wata 'yar ajin ƙarshe mai karatun labarin ƙasa, ta yanke ƙarfe 3 da rabi.

Lokacin ya cika muna hangen ƙololuwa, abin da ya rage bai wuce tafiyar minti 15 ba. Amma da muka waiwaya gabas sai muka ga hadari ya gangamo baƙi ƙirin, birnin Zariya ya ɓace a cikinsa. Aka yi walƙiya, shugabar ta fara ƙirga a fili, ta kai 24 kafin mu ji tsawa. Ta ce, "Kilomita 8 ke nan. Mu juya."

Nan gunaguni ya tashi, kuma ba za mu ɓoye muku ba, har da mu masu rubuta wannan fili a cikin masu gunagunin. Wani ya ce, "Haba Yaya, saura ƙiris fa!" Ta ce, "Dutsen zai gudu ne kafin wata Asabar?" Muka juyo rai bai so ba.

Sai da muka yi rabin gangara aka ƙirga mu, aka ga 14 ne. Ashe biyu sun sulale sun ci gaba da hawa. Sun kai ƙololuwar kuwa, amma ruwa ya tsuge musu a can, kuma falalen dutse in ya jiƙe santsinsa kamar an shafa sabulu. A wajen saukowa ɗayansu ya zame, ƙafarsa ta maƙale a wata tsaga, ya kasa takawa. Dole huɗu daga cikinmu suka sake komawa sama, ana ruwa ana walƙiya, suka goyo shi bi da bi. Ba mu sauko ba sai da aka kira magariba. Dattijon nan yana bakin gonarsa yana jiranmu da tocila, shi ya aiki ɗansa ya kawo babur aka kai ɗan'uwanmu bakin titi. A asibiti hoto ya nuna ƙashin idon sawu ya tsage, aka ɗaure ƙafar.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mu dutse muka hau, ba mu hango ba.

Juyowa ba ragwanci ba ne

Abin da ya fi damunmu ba raunin ba ne, wannan zai warke. Mutum biyu ne suka ƙi bin doka, amma mutum shida suka shiga haɗari, domin huɗun da suka koma ɗauko shi ba su suka zaɓi tsayawa a kan dutse ana walƙiya ba. Wanda ya ware daga ayari, bai sa kansa kaɗai a cikin haɗari ba.

Akwai wani mahayi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Goran Kropp. A watan Oktoba na 1995 ya hau keke daga ƙasarsu, ɗauke da kayansa, ya yi tafiyar kusan kilomita 13,000 har ƙasar Nefal, domin ya hau Eberest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, mai mita 8,849. Ranar 3 ga Mayu, 1996, saura kimanin mita 100 ya kai ƙololuwa, sai ya duba agogo ya ga rana ta yi, in ya ci gaba dare zai riske shi wajen saukowa. Ya juyo. Ku duba fa, watannin da ya yi a kan keke, ga ƙololuwa a gabansa, ya juyo. Bayan mako guda, ranakun 10 da 11 ga Mayu, guguwar ƙanƙara ta rutsa da wasu ayarin mahaya, mutum 8 suka rasu, cikinsu har da waɗanda suka wuce lokacin juyawarsu na ƙarfe 2 na rana. Shi kuwa Kropp ya huta, ya sake hawa, ya kai ƙololuwa ranar 23 ga Mayu ba tare da tukunyar iskar shaƙa ba, ya sauko lafiya.

Kufena ko kusa bai kai Eberest ba, amma dokar ɗaya ce. Wanda ya kai sama rabin tafiya ya yi. Saukowa ta fi hawa wuya, domin a lokacin gwiwa ta gaji, ruwan gora ya ƙare, hankali ya koma gida, kuma nauyin jiki gaba ɗaya gangara yake jan mutum.

Ƙirgan da shugabarmu ta yi kuwa, darasin kimiyya ne da kuka sani. Hasken walƙiya nan take yake iso ido, amma ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, wato kilomita 1 a duk daƙiƙa 3. Ku ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, ku raba da 3, kun sami nisan hadarin. In ƙirgan bai kai 30 ba, a bar wuri mai tudu nan da nan. Kada a tsaya a ƙololuwa, kada a fake a ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kada kuma a tsaya a bakin kogo.

Shawarar da taro ya yanke

Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya ce ba zai ƙara sa hannu a takardar wata tafiya ba sai ya ga gyara a rubuce. Muka zauna taro ranar Laraba, aka yi ta muhawara har dare, daga ƙarshe aka amince da abu huɗu. Na ɗaya, in an makara fiye da awa biyu, an ɗage tafiya, ko da an riga an biya kuɗin mota. Na biyu, za a riƙa ƙirga mutane a duk inda aka tsaya, kuma za a sa mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba mai wuce su. Na uku, maganar shugaban tafiya a kan dutse ita ce ta ƙarshe, mai ƙorafi ya bari sai an sauko. Na huɗu, za mu riƙa tambayar mutanen wurin kafin mu hau, kuma mu yi aiki da abin da suka faɗa.

'Yan'uwanmu biyu sun ba da haƙuri a gaban kowa, an kuma dakatar da su daga tafiya ɗaya. Wanda ya ji raunin shi da kansa ya nemi a ba shi aikin yi wa sababbin shiga bayanin lokacin juyawa. Mun kuma koma Kufena, ba don hawa ba, mun je yi wa Baba godiya.

Tafiye-tafiyen da ke gaba

Ta farko ita ce taku. Asabar ta biyu bayan ruwa ya ɗauke za mu je Dutsen Dala a Kano, kuma mun ware gurbi 20 domin ɗaliban babbar sakandare, maza da mata. Tsawon Dala kimanin mita 534 ne daga doron teku, yana da matattakala, saboda haka ya dace da mai farawa. A nan Tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna, kuma masu binciken kayan tarihi sun sami alamun narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Daga sama za ku hangi Goron Dutse da unguwannin tsohon birni. Sharaɗi biyu ne: takardar amincewar iyaye, da malami ko malama daga makarantarku da za su zo tare da ku. Wanda ya zo shi kaɗai, komai roƙonsa, ba za mu ɗauke shi ba.

Ta biyu, Duwatsun Shere, kimanin kilomita 10 gabas da Jos, a hutun ƙarshen zango. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, kuma a nan makarantar horon shugabanci ta kan dutse take, wadda 'yan Man O' War suka sani sarai. A can muke fatan fara koyon hawa da igiya a hannun ƙwararru. Wannan ta 'yan ƙungiya ce kawai, amma za mu kawo muku labarinta.

Ta uku ita ce babbar, wadda muke tara mata kuɗi tun bara: Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Yana Jihar Taraba, a kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, kuma ofishinsa yana Serti. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, ba a yin ta sai da rani, kuma ba a shiga sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, ga shi lokacin hunturu ne, don haka bargo da rigar sanyi sun zama dole. Mun riga mun yarda cewa in hukumar gandun ko jami'an tsaro suka ce hanya ba ta da kyau, mun fasa. Darasin Kufena ya ishe mu.

Shirin masu zuwa Dala

Ku fara atisaye tun yanzu, tafiyar minti 30 a ƙafa kullum da jakar makaranta a baya. Takalmi ya zama kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi. Silifas da takalmi sabo fil duk ba su yi ba. 'Yan mata su sa wando a ƙarƙashin riga, da hijabin da ba ya jan ƙasa, don kada a taka shi a matattakala. Kowa ya zo da ruwa lita 2, da hula ko malafa, da ɗan abin taɓawa irin dabino, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, da ledar da zai zuba shararsa ya sauko da ita. Mai asma ko sikila ko wata lalura ya faɗa wa malaminsa tun kafin ranar, ya kuma taho da maganinsa. Ba don a hana shi zuwa ba ne, don a san yadda za a kula da shi.

Mun kuma sami wasiƙu daga wasunku da ke cewa suna hawan duwatsun garinsu bayan an tashi makaranta. Muna roƙonku, kada ku hau ku kaɗai, kada ku tafi ba ku faɗa a gida inda za ku da lokacin dawowarku ba. Kada ku zura hannu a tsagar da ba ku ga cikinta ba, nan maciji da zuma suke zama. Igiyar guga kuma ba igiyar hawan dutse ba ce, kada wanda ya rataya ransa a kanta don ya ga ana yi a fim. Kafin ku fara hawa ku yanke lokacin juyawarku, in ya cika ku juyo ko da ƙololuwa na gabanku.

Tambayar wannan mako: in kun ga walƙiya, kuka ƙirga daƙiƙa 15 kafin ku ji tsawa, kilomita nawa ne tsakaninku da hadarin, kuma me ya kamata ku yi? Ku aiko da amsa ta hannun wannan jarida kamar yadda kuka saba. Mutum ukun farko da suka dace, ƙungiya za ta biya musu kuɗin motar Dala.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku sa ɗan'uwanmu mai jinya a addu'a.