Karen da ba ya jin "saki" ba horarre ba ne

Jama'a, ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo.

Shekaranjiya da daddare ina dawowa daga laburare, karen maigidan da muke haya ya tsinke ya yi kan wata ƙanwarmu 'yar aji biyu. Allah Ya taƙaita, jakarta ya cafke ba hannunta ba. Mai karen yana tsaye yana ta ƙwala masa kira, kare ko a jikinsa. Sai da aka sheƙa masa bokitin ruwa sannan ya saki. Da gari ya waye, mutumin nan har da bugun ƙirji, wai ai karensa ya sha tirenin, kuɗi masu yawa ya kashe.

Ni dai digiri na biyu nake yi a fannin dabbobi a nan Ibadan, kuma ra'ayina shi ne: wannan ba horo ba ne. An koya wa kare mugunta ne kawai, aka sayar da ita da sunan tsaro.

Bari mu duba inda aka ɗauki abin da gaske. A Jamus, Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu karen German Shepherd a 1899, kuma daga can aka samo gwajin da ake kira Schutzhund, wanda tun 2019 sunansa ya koma IGP. Gasa ce mai kashi uku: bin sawu, biyayya, da kariya. Kowane kashi maki 100 ne, kuma sai kare ya samu aƙalla 70 a kowanne. Kun ga ke nan, ko da ya fi kowa iya cizo, in ya faɗi a biyayya, ya faɗi. Kafin ma a bar shi ya shiga, sai ya ci gwajin hali, inda ake bi da shi cikin mutane da motoci da masu keke a ga ko zai natsu.

A matakin ƙarshe na bin sawu, baƙo ne ke taka fili ya yar da ƙananan kaya, a jira awa guda, sannan kare ya bi da hanci. A kashin kariya kuwa, akwai mutum sanye da hannun riga mai kauri, kare ya kama shi in ya yi yunƙurin gudu ko kai hari. To ga inda maganar take: da an ce ya saki, dole ya saki. In aka faɗa sau uku bai saki ba, an kore shi daga gasar. Wato karen maigidanmu, ko minti biyar ba zai yi a filin ba.

Na san wani zai ce, Malam Bahaushe, me ya haɗa ka da kare? To ai mafarautanmu da karnuka suke shiga daji tun kaka da kakanni. Kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbar farauta da aka horar, malaman fiƙihu suka ce daga alamominta akwai ta tafi in an tura ta, ta tsaya in an tsawatar mata. Ma'aunin dai ɗaya ne: jin magana a lokacin da jini ya hau.

Gaskiya gasa ba ita ce komai ba. Akwai tsada, kuma karen da ya yi fice a fili ba lallai ya iya gadin gida ba. Amma tana da abin da muka rasa a nan, wato alƙalin da ba shi da riba a cinikin. Mu kuwa mai sayarwa shi ne mai horarwa, shi ne kuma mai ba da shaida. Ɗalibai da yawa sun shiga kasuwar 'yan kwikwiyo, ba laifi, neman halak ne. Laifin shi ne a ɗaure kare a rana, a riƙa dukansa don ya yi zafi, sannan a sa hoto a WhatsApp a ce horarre.

Shawarata ga masu neman ɗaki a wajen makaranta: in gidan akwai kare, ku nemi ganin katin rigakafin ciwon haukan kare, sannan ku ce mai shi ya kira shi a gabanku. In bai zo ba, kun samu amsa. In kuma tsautsayi ya sa ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti nan take, ba sai gobe ba.

'Yan uwanmu na likitancin dabbobi, me zai hana ku shirya ƙaramin gwajin biyayya ko sau ɗaya a shekara? Fili dai akwai.

Ƙanwar tamu har yanzu ba ta yarda ta shigo gidan ita kaɗai. Allah Ya tsare mu.